Yadda ake haɗa mabuɗin gane itatuwa ta ganyensu

"Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makaranta a Mai Wurno, a ƙasar Sudan. A darasin tsirrai an ce mu koya wa yara haɗa mabuɗi mai hanya biyu don gane ganyaye, amma hotunan da ke littafin na itatuwan da yaran ba su taɓa gani ba ne. Na tara ganyen itatuwan garinmu na gwada, sai abin ya cakuɗe mini. Na fara da 'ganyen babba ne ko ƙarami', kowane yaro da tasa amsar. Ga kuma bagaruwa da dushe da gawo, na kasa raba su. Yaran ma cewa suke, tunda sun san itatuwan tun daga nesa, mene ne amfanin wannan wahala? Ta ina zan fara, kuma ganye kaɗai ya isa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abu uku kake nema: tambayar da ake farawa da ita, dalilin da ya sa wasu tambayoyi ke raba kan yara, da kuma iyakar abin da ganye zai iya faɗa maka. Amma da maganar yaran zan fara, domin amsarta ce ke warware sauran.

Gaskiyarsu ne, sun san itatuwan. Sai dai ka tambayi ɗayansu yadda aka yi ya gane kurna, zai ce maka "ai ita ce." Sanin sabo ke nan. Yana aiki a inda mutum ya tashi, kuma mai shi ba ya iya miƙa shi ga wani. Mabuɗi kuwa don baƙo ake rubuta shi, mutumin da ke riƙe da reshe a hannu, bai san sunan itacen ba, bai taɓa cin 'ya'yansa ba, babu kuma wanda zai tambaya. Duk tambayar da za ka sa a ciki, ka auna ta da wannan baƙon. In zai iya amsa ta da idonsa da yatsunsa a nan take, ta yi. In sai ya riga ya san itacen, a cire ta. Yaron da ya iya rubuta wa baƙo hanyar gane kurna, shi ne in ya je Damazin ko Gadarif ya tarar da itacen da bai sani ba, zai san inda zai duba.

Shi mabuɗin jerin tambayoyi ne, kowacce amsa biyu gare ta, babu ta uku. Ka karanta maganganu biyu masu saɓa wa juna, ka ɗauki wadda ta dace da abin da ke hannunka, ita kuma ta tura ka gaba ko ta ba ka suna. Masanin Faransa Lamarck ne ya yaɗa tsarin a littafinsa na tsirran Faransa na 1778, kuma da shi ake aiki a manyan littattafan tsirrai, har da mujalladai uku da F. W. Andrews ya fitar kan tsirran Sudan tsakanin 1950 da 1956. Irin waɗannan littattafai sun fi dogara da fure da 'ya'ya, waɗanda ba a samu sai lokacinsu ya yi. Ajinka ba zai jira fure ba, don haka daidai ne ka haɗa naku na ganye, kuma na itatuwan da ke kewaye da makarantar.

Kafin a rubuta tambaya ko ɗaya

Kada ka bari yara su tsinko ganye ɗai-ɗai. Kowa ya karyo ɗan reshe mai tsawon santimita 20 zuwa 30, da ganyensa da ƙayarsa yadda suke. Rabin abin da za ka tambaya a jikin reshen yake: yadda ganye ke zaune a gaɓa, da irin ƙayar da ke gindinsa. Kuma kowane iri a samo shi daga bishiya uku ko huɗu, wata a bakin kogi, wata a tudu, wata tsohuwa, wata matashiya. Da reshe ɗaya daga bishiya ɗaya, halin wannan bishiyar kawai za ka rubuta, ka zaci halin irin ne gaba ɗaya.

Daga nan sai darasin da in bai zauna ba komai ba zai zauna ba, wato bambancin ganye da ɗan ganye. Ka ce wa yaro ya nuna maka ganyen zogale, zai nuna maka ɗan ƙaramin nan da ake tsigewa a yi kwaɗo. A kicin ya yi daidai. A wurin mai nazarin tsirrai kuwa, ganyen zogale shi ne dukkan abin nan mai rassa-rassa, tun daga inda tsinkensa ya manne da reshe. Hanyar ganewa ɗaya ce: a duba kwanar da ke tsakanin tsinken da reshen. Ganye na gaskiya yana da ɗan ido a wannan kwana, inda sabon toho zai fito. Ɗan ganye ba shi da shi. Nakan fita da ɗalibai ƙarƙashin darbejiya kafin a share wurin, mu tsinci siraran tsinkayen nan da ke zube a ƙasa. Kowane ɗaya ƙashin bayan ganye guda ne da 'ya'yansa suka kakkaɓe, kuma in ka juya shi za ka ga gindinsa ya ɗan kumbura, nan ne ya rabu da reshe. Yaron da ya riƙe wannan tsinke a hannunsa ba ya sake kiran ɗan ganyen darbejiya ganye.

Akwai masu ruɗi ta ɗaya gefen. Ganyen auduga da kuɓewa da zurma suna da yatsu, amma tsagin bai kai har tsakiya ba, naman ganyen a haɗe yake, don haka ganye guda ne. Na rogo tsaginsa ya yi zurfi ƙwarai, duk da haka in ka duba gindin yatsun za ka ga a haɗe suke. Na kuka kuwa kowane yatsa a ware yake har inda ya haɗu da tsinke.

In wannan ya zauna, ka zana jadawali a allo, sunayen itatuwa a jere daga sama zuwa ƙasa, siffofi a kwance: guda ne ko mai 'ya'ya, ɗai-ɗai a gaɓa ko biyu-biyu, baki mai haƙora ko sumul, da ƙaya ko babu, da nono ko babu. Yara su cika gurabun da reshe a hannu. Mabuɗin daga wannan jadawali yake fitowa, kuma a nan za ka ga itatuwan da layinsu ya zo ɗaya sak, ka san tun da wuri inda aikin yake.

Me ya sa "babba ko ƙarami" ta raba kan yara

Saboda babba a wurin wannan ƙarami ne a wurin wancan, sannan girman ganye ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kurnar da ke shan ruwan Shuɗin Nilu ta fi ta tudu faɗin ganye. Tohon da ya fito bayan an yi wa bishiya sara yakan zo da ganye manya fiye da na sauran rassa, na inuwa ma yakan fi na rana faɗi. In dole ne ka yi amfani da girma, ka sa lamba, kuma sai a inda tazarar ke da yawa. Ganyen kurna da wuya ya kai santimita 10, na mangwaro da ya nuna yakan wuce haka da nisa, wannan ana iya aunawa da rula. Launi ma haka yake. Sabon ganyen mangwaro ja-ja ne, na darbejiya ma haka, bayan 'yan makonni duk su koma kore, ga kuma ƙurar rani da ke mayar da kowane ganye toka-toka.

Abu na biyu, hannayen tambaya biyu su yi magana a kan gaɓa ɗaya. In ka rubuta "yana da ƙaya" a sama, ka rubuta "ganyen dogo ne" a ƙasa, yaron da ya riƙe reshe mai ƙaya da dogon ganye ya tsaya cak. Kishiyar "yana da ƙaya" ita ce "ba shi da ƙaya." Tambayoyi irin "ana miya da shi?" ko "'ya'yansa na da zaƙi?" duk su fita, baƙo bai sani ba. Ƙanshi yana taimakawa, kamar in an murje ganyen gwaba, amma a matsayin shaida ta biyu. Ɗanɗano kuwa ka hana shi tun ranar farko, domin a cikin abin da za su kawo akwai tumfafiya, wadda nononta guba ne kuma yana illa ga ido. Duk wanda ya karya ta ya wanke hannu.

Na uku, tambayoyin farko su zama masu sauƙin gani, masu raba tarin gida biyu da ba su yi nisa da juna a yawa ba. In ka fara da cire itatuwa ɗaya bayan ɗaya, wanda ke ƙarshe sai an bi tambayoyin duka kafin a kai gare shi, kuma kowace tambaya wata dama ce ta kauce hanya.

Mu bi itatuwa 14

Mu ɗauki mangwaro, gwaba, tumfafiya, kurna, magarya, aduwa, kuka, tsamiya, darbejiya, zogale, ɗakwara, gawo, bagaruwa da dushe. Iri 14 tambaya 13 suke buƙata, domin kowace tambaya rabuwa ɗaya take ƙarawa. In naka suka gaza haka, akwai biyu da ka bari a haɗe. Ga yadda ake rubutawa:

1a. Ganye guda ne, bai rabu zuwa 'ya'ya ba: je 2.
1b. Ganye mai 'ya'ya ne: je 6.
2a. Ganye biyu a kowace gaɓa, suna fuskantar juna: je 3.
2b. Ganye ɗaya a kowace gaɓa: je 4.

A ta 3 tumfafiya da gwaba ne suka rage, sai ka tambayi farin nono in an karya ganye: akwai, tumfafiya, babu, gwaba. Ka lura ban sa tambayar nono a farko ba, domin mangwaro ma yana fitar da ɗan ruwa mai danƙo, yara za su yi ta gardama a kai. Da aka jinkirta ta, mangwaro ya riga ya bi wata hanya. A ta 4, ka juya bayan ganye ka dubi jijiya. In manyan jijiyoyi uku suka taso tare daga gindin ganye, kurna ce ko magarya. In jijiya ɗaya ce ta ratsa tsakiya, ƙanana suna fita daga jikinta, mangwaro ne. Na fi son jijiya a nan a kan ƙaya, domin akan samu kurna ko magarya ta dashe da ba ta da ƙaya sosai, jijiyoyin nan uku kuwa suna nan. Ta 5 ita ce za ta ba yaranka mamaki, don da yawansu nabag za su ce su wuce, wato sunan da ake kiran 'ya'yan duka biyun da shi a Larabcin Sudan. Bayan ganyen magarya a lulluɓe yake da gashi mai laushi, fari ko mai ɗan ruwan ƙasa, har yatsa yana jin sa. Na kurna galibi santsi ne, korensa bai yi nisa da na gaba ba.

Masu 'ya'ya tara ne. Ta 6 ta tambaya: 'ya'yan duk daga wuri ɗaya suka fito a ƙarshen tsinke, ko a jere suke gefe da gefe a jikinsa? Masu fitowa wuri ɗaya aduwa ce da kuka. Aduwa 'ya'ya biyu tak gare ta, da doguwar ƙaya kore, kuka kuwa biyar zuwa bakwai, ba ƙaya. A cikin masu jere, ta 8 ta raba waɗanda tsinkensu bai yi rassa ba, tsamiya da darbejiya, daga waɗanda tsinken ya sake rabuwa kafin a kai ga 'ya'yan. Darbejiya bakinta haƙoran zarto, tsamiya sumul. Wasu littattafai za su ce ka duba ko akwai ɗan ganye tilo a ƙarshen jere. Kada ka dogara da wannan a darbejiya, sau da yawa babu shi. A cikin biyar da suka rage, zogale ne kawai marar ƙaya.

Inda ganye ya gaza

Nan ka tsaya, Malam, kuma ba laifinka ba ne. Ɗakwara da gawo da bagaruwa da dushe dangi ne, ganyensu ƙira ɗaya, ƙananan 'ya'ya a jere a kan rassan tsinke. Ana iya ƙirga rassan da 'ya'yan, amma lissafin wannan yana shiga na wancan, ba zai raba maka su da tabbas ba. Mabuɗin ganye bai hana ka duba ƙaya da ɓawo ba, masana ma haka suke yi.

Ɗakwara, wato hashab a Larabcin Sudan, wadda ƙaronta ne Sudan ta yi suna da shi a kasuwar duniya, ita ce mafi sauƙi. Ƙayarta gajera ce, uku-uku a ƙasan gaɓa, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, biyun gefe sun lanƙwasa sama. Wani lokaci za ka ga ɗaya kawai a gaɓa, don haka a duba gaɓoɓi da yawa. Sauran ukun ƙayarsu biyu-biyu ce, a miƙe.

Gawo, haraz ɗin Larabawa, ƙananan rassansa fari-fari ne, kuma suna karkacewa a kowace gaɓa. In kana da gilashin ƙara girma, ka dubi ƙashin bayan ganyen: a gawo akwai ɗan ɗigo a mahaɗar kowane rassa biyu, a bagaruwa da dushe kuwa sai a wasu, galibi na can sama. Furensa dogo ne mai ruwan madara, na waɗancan biyun dunƙule ne, rawaya. 'Ya'yansa masu kauri ne, ruwan lemo, a murɗe, su ne awaki ke rububi a gindinsa. Tsakanin bagaruwa da dushe kuwa ɓawo ne alƙali. Bagaruwa, sunut ɗin da ke cike da fadamun da kogi ke malalewa tsakanin Sinnar da Rusairis, ɓawonta baƙi-baƙi ne mai kaushi da tsage-tsage. Dushe, talha, wanda mata ke turara jiki da itacensa, ɓawonsa sumul ne da wata hoda a kai, ja kamar tsatsa ko fara-fara, ka shafa ta biyo hannunka. Akwai nau'insa da gindin ƙayarsa ke kumbura, tururuwa na zama a ciki. Wannan yana nufin dole wanda ya karyo reshe ya rubuta yadda ɓawon gangar jikin yake tun yana gindin bishiyar.

Ka kula da abu biyu da za su karya maka tsari. Tsohuwar bagaruwa rassanta na sama sukan zo ba ƙaya, sai mabuɗin ya kai yaro ga zogale. Ƙaramar kuka kuma, a shekarunta na farko, ganye guda take yi ba mai yatsu ba, sai ta bi hanyar mangwaro. Ko dai ka rubuta a saman takardar cewa mabuɗin na manyan bishiyoyi ne kuma a ɗauki reshen ƙasa, ko ka sa kuka wuri biyu a ciki. Sa iri ɗaya sau biyu ba aibi ba ne, manyan littattafai suna yi.

Lokaci ma yana da hannu. Gawo da damina yake zubar da ganye, ya yi kore da rani. Kuka da ɗakwara kuwa rani ne ke tuɓe su. Da kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ka fi samun yawancinsu da ganye. Ku tara a lokacin, ku shimfiɗa kowane reshe tsakanin tsofaffin jaridu, ku danne da tubali ko littattafai, ana sauya takardar kullum a kwanakin farko don kada ya yi fumfuna. Cikin mako ɗaya ko biyu ya bushe, a manna a kwali, a rubuta wuri da kwanan wata da siffar ɓawo. Ajin baɗi ma zai amfana.

Gwaji, da abin da mabuɗi ba ya iya cewa

Wanda ya rubuta mabuɗi ba ya iya gwada shi, domin ya san amsar, ƙafarsa za ta bi hanyar daidai ko da rubutun a karkace yake. Ka ɗaura wa rassan lambobi maimakon suna, ka ba wani aji, ko ka nemi yaron da bai daɗe da zuwa daga Khartum ba, wanda bai san aduwa a bishiyarta ba. Ka zauna gefe, kada ka ce komai, ka dubi inda yatsansa ya tsaya a takarda. Inda ya daɗe yana juya reshe, a nan kalmarka ba ta fita ba. Inda yara uku suka kauce wuri ɗaya, tambayar za a gyara. Sau da yawa ɗan zane a gefen tambaya, jijiya uku ko ƙaya uku, ya fi ƙarin bayani aiki.

Babbar iyakar mabuɗi ita ce ba ya iya cewa "ban san wannan ba." Duk abin da ka ba shi sai ya laƙaba masa suna daga cikin 14 ɗin nan. Ka ba shi lalle, ganye guda, biyu-biyu, babu nono, zai ce gwaba ce. Ka ba shi miskit, wanda aka shigo da shi Sudan a 1917 ya kuma mamaye gonaki a Gash da Tokar, ga ganye mai rassa, ga ƙaya a miƙe, ga dogon fure, zai iya ce maka gawo ne. Maganinsa, a gaban kowane suna ka rubuta layi biyu na tabbatarwa, siffofin da ba a tambaya a hanya ba. In reshen bai dace da su ba, to baƙon iri ne, a ajiye shi gefe, a ƙara masa tambaya daga baya. Manhajojin waya masu gane tsiro daga hoto ma wannan ciwon suke da shi, kuma ba sa nuna wa yaro dalilin amsarsu.

A gaban kowane suna ka sa uku: na Hausa, na Larabcin Sudan, da na Latin. Yaranka a gida aduwa suke ji, a kasuwa hijlij da lalob, a jarrabawa Balanites aegyptiaca. In ka ga tsohon littafi ya ce Acacia nilotica sabo ya ce Vachellia nilotica, bagaruwa ɗaya ce. Bayan taron masana tsirrai na 2011 aka mayar da na Afirka ƙarƙashin Vachellia da Senegalia, ɗakwara ta zama Senegalia senegal.

In suka ƙware a wannan, ka ba su ƙaramin aiki na biyu da damina, a kan ciyayi masu kama da juna da ake ci ko ake sha. Tafasa, wadda mutanen yammacin Sudan ke yin kawal (wani kayan miya) da ita, 'ya'yan ganyenta shida ne, uku ta kowane gefe, masu faɗin kai. Rai-ɗore nasa sun fi yawa, masu tsinin kai, yana da ɗan ƙullutu a gindin tsinke da wari in an murje, kuma irinsa yana da guba. Sanamaka 'ya'yan ganyenta sirara ne, kuma gudawa take sawa. Tambaya biyu ta raba ukun. Amma ka ja musu kunne da babbar murya: sunan da mabuɗin aji ya bayar bai isa a kai ganye tukunya ko a jiƙa shi a ba marar lafiya ba. Kafin nan sai an nuna wa iyayen da suka saba tsinkarsa, maganar magani kuma a bar wa ma'aikatan lafiya.